Yinin Karen Horney

Alhamis, 4 ga Disamba.

Rana irin ta yau Karen Horney, likitar nazarin ɓoyayyen tunani 'yar asalin Jamus, ta rasu a New York, a 1952, tana da shekara 67. Darasin ɗalibai na mako mai zuwa a kanta yake, don haka yinin duk nata ne.

Da safe tarihinta na bi. An haife ta ranar 16 ga Satumba 1885 a Blankenese, kusa da Hamburg. Mahaifinta kyaftin ɗin jirgin ruwa ne ɗan asalin Norway, mai tsauri a gida. Ta fara karatun likita a Freiburg a 1906, lokacin da jami'o'in Jamus ba su daɗe da fara karɓar mata ba, daga nan ta wuce Göttingen, ta kammala a Berlin. Ta auri Oskar Horney a 1909, suka haifi 'ya'ya mata uku. Babbar, Brigitte, ta zama fitacciyar 'yar fim a Jamus. Wajen 1910 ta fara zama gaban Karl Abraham, almajirin Sigmund Freud, wanda ya kafa fannin nazarin ɓoyayyen tunani, saboda baƙin ciki da kasala da suka addabe ta. Ta wannan ƙofa ta shiga fagen nazarin ɓoyayyen tunani: da farko mai neman magani, daga baya mai bayarwa.

Cibiyar horar da masu wannan aiki ta Berlin ta cancanci lokaci a aji. An buɗe ta a 1920 da kuɗin Max Eitingon, kuma Horney na cikin malamanta na farko. Cibiyar tana da asibitin da marar hali ke biyan abin da ya sawwaƙa, ko ya samu kyauta. A nan aka kafa tsarin horo mai sassa uku da har yau ake bi: ɗalibi ya zauna a yi nazarinsa shi kansa, ya halarci darussa, sannan ya duba marasa lafiya ƙarƙashin idon ƙwararre. Aikin kansa ba shi da kayan aiki masu yawa. Marar lafiya ya kishingiɗa a doguwar kujera, likita ya zauna ta bayansa inda ba ya ganinsa, na kusan awa guda, sau da yawa a mako. Doka ɗaya ce: faɗi duk abin da ya zo zuciya, ba tacewa, ko da shirme ne, ko da abin kunya ne.

Saɓaninta da Freud ya fara ne kan mata. Freud ya ce yarinya tana tashi da ƙyashin halittar namiji, wai daga nan halayyarta ke ginuwa. Tun a taron masana na Berlin a 1922 Horney ta fara ja da wannan. A rubuce-rubucenta na bayan nan ta ce abin da mace ke hange shi ne matsayi da 'yancin da al'umma ta ware wa maza. Ta ƙara da cewa maza ma suna da nasu ƙyashin, na ciki da haihuwa da shayarwa. A ganina wannan kashi shi aka fi yayatawa, amma ba shi ne mafi amfani ga mai duba marasa lafiya ba.

A 1932 Franz Alexander, shugaban cibiyar nazarin ɓoyayyen tunani ta Chicago, ya gayyace ta can ta zama mataimakiyarsa, bayan shekara biyu ta koma New York. A Amurka ta lura matsalolin da ake kawo mata sun sha bamban da na Jamus, abin da ya ƙara tabbatar mata cewa al'ada da yanayin tarbiyya suna da hannu babba a rikicin zuci.

Bayan azahar na zauna kan ainihin koyarwarta, wadda ke cikin littattafanta na 1937, 1945 da 1950. Tushen shi ne fargabar asali: yaro ya ji shi kaɗai ne, ba shi da ƙarfi, a duniyar da za ta iya cutar da shi. Abin da ke jawo ta ba sai duka ba. Halin ko-in-kula, fifita wani ɗa a kan wani, alkawarin da ba a cikawa, raini, kai har da kariyar da ta wuce kima. Yaron yana jin haushi, amma ba ya iya nunawa domin da iyayen ya dogara, sai ya danne. Daga nan yakan kama ɗaya daga hanyoyi uku ya riƙe ta tamau.

Mai bin ta farko yana raɓar mutane. Ba ya iya cewa a'a, ba ya son a yi fushi da shi, soyayya ce maganin komai a wurinsa. A ɗakin magani shi ne mafi yaudarar sabon likita, domin duk fassarar da aka ba shi zai ce haka ne, har da godiya. Likita ya ɗauka ana samun sauƙi, alhali cutar ce ke aikinta, yanzu shi ake faranta wa. Gwajin mai sauƙi ne: a duba ko wani abu ya canza a mu'amalarsa a waje, kuma ko ya taɓa musa wa likitan ko sau ɗaya.

Na biyu yana gaba da mutane. Duniya fagen kokawa ce, tausayi rauni ne. Yakan mai da zaman gasa, ya gwada ilimin likita, ya ƙi amincewa da abin da ya san gaskiya ne don kada a ce an kayar da shi. Likitan da ya shiga gardama da shi ya riga ya faɗa tarko.

Na uku yana janye jiki. Ba ya son buƙatar kowa. Zai yi bayanin kansa tsaf kamar yana maganar wani, ba tare da abin ya taɓa shi ba.

Lafiyayyen mutum yana amfani da dukkan ukun gwargwadon hali. Matsala tana zuwa idan ɗaya ta zama dole, sauran biyun kuma suna danne a ƙasa suna ja. Za ni zana wa ɗalibai zagayen da ta bayyana: fargaba ta haifi matsananciyar buƙatar ƙauna, buƙatar ta fi ƙarfin abin da kowa zai iya bayarwa, mutum ya ji an ƙi shi, ya fusata, ya danne fushin don tsoron rasa wanda yake so, fargabar ta ƙaru. Nan ne ta rabu da Freud a aikace. Ba ta musa tasirin ƙuruciya ba, amma ta ce a fara da abin da mutum yake yi yanzu don ya ji yana cikin aminci, da abin da hakan ke jawo masa.

Sai hoton kai na ƙarya. Mutum ya ƙera wa kansa siffar cikakke, ya shiga bautar "ya kamata": ya kamata in jure komai, ya kamata kada in taɓa kuskure. Duk gazawa sai ta koma ƙin kai. Kuskuren likita a nan shi ne gaggawa. Idan aka rushe hoton kafin mutum ya sami abin dafawa, abin da ke biyowa baya shi ne yanke ƙauna ko ya daina zuwa.

Littafinta na 1942 ya ce mutum na iya yin wani kashi na aikin da kansa. Ya rubuta abin da ke zuwa ransa ba gyara, ya dawo daga baya ya karanta da idon bincike. Matakan uku ne: gane halin da ya zama masa dole, gano sanadinsa da yadda yake bayyana da abin da yake jawowa, sannan ganin yadda yake karo da sauran halayensa. Inda ake tuntuɓe shi ne haɗa rubutu da hukunci a lokaci guda, da tsallake daidai wurin da ke ciwo, da mai da aikin hanyar zagin kai. Wanda ciwonsa ya yi tsanani kuwa, wurin likita ya dace da shi.

Da yamma na karanta rikicin 1941. Bayan littafinta na 1939 da ya soki ginshiƙan Freud kai tsaye, cibiyar horo ta New York da take koyarwa a ciki ta rage mata matsayin koyarwa. Ta fice tare da wasu abokan aiki, cikinsu har da Clara Thompson, suka kafa ƙungiyarsu da cibiyar horo da mujalla. Ba a yi nisa ba, a 1943, sabuwar ƙungiyar ta taƙaita wa ɗaya daga malamanta, Erich Fromm, koyarwa bisa hujjar ba shi da shaidar likita, shi da Thompson da abokin aikinsu Harry Stack Sullivan suka yi gaba. Laifi tudu ne. Wannan ma zai shiga darasin, ba zan ɓoye shi ba.

Watanni kafin rasuwarta ta je Japan tare da D. T. Suzuki, malamin Zen, wani reshe na addinin Buddha, saboda sha'awar da ta yi wa wannan koyarwa. Ciwon daji ne ya yi ajalinta. Asibitin da ke ɗauke da sunanta a New York an buɗe shi a 1955. Gobe zan rubuta misalan marasa lafiya uku na ƙirƙira, ɗaya ga kowace hanya, ɗalibai su gano wane ne wane.