Rage Ƙiba Ga Uwa Mai Hidimar Yara

Ki nemi abokiyar tafiya, maƙwabciya ko 'yar'uwa, ku riƙa takawa minti 30 bayan kai yara makaranta, kwana biyar a mako. Minti 150 ke nan, adadin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara. Wadda ake jira a ƙofar gida ba ta cika fashi ba.

Inda aka fi faɗuwa shi ne ragowar abincin yara: lomar tuwo nan, guntun ƙosai can, don gudun almubazzaranci. Ki rage tun wurin zubawa. Man miya kuma ki auna, babban cokali ɗaya kalori (ma'aunin kuzarin da abinci ke ba jiki) kusan 120 ne.

Rage rabin kilo na nauyin jiki a mako ya wadatar. Yawancin shayin rage ƙiba zawo yake sawa, ruwa ke fita, kitsen yana nan.