Farautar faifan garmahon dillalan mota a kasuwar Hershey

Daga filin jirgin sama na Harrisburg zuwa garin Hershey, a jihar Pennsylvania ta Amurka, tafiyar ba ta kai rabin awa a mota ba. Na sauka a farkon Oktoba, lokacin da ƙungiyar masu tsoffin motoci ta AACA ke cin kasuwarta ta shekara-shekara, wadda aka fara tun 1955. Rumfuna kusan 9,000 ne a filayen ajiye motoci da ke kewayen Hersheypark. Da sassafe akwai sanyi mai ratsa riga, kuma yawon duka a ƙafa ne, don haka sai da takalmi mai taushi, da tsabar kuɗi ƙananan canji, da 'yar tocila. Yawancin jama'a ƙarfe suka zo nema. Ni faifan garmaho ya kai ni, irin wanda kamfanonin mota da dillalansu suka riƙa bugawa don talla da koyar da ma'aikata.

Ba a rumfar masu kayan gyara ake samunsa ba. Wajen masu sayar da takardu za ka nufa, masu ƙasidun talla da littafin direba da na makaniki. Su ma ba safai suke ɗora shi a tebur ba, yana cikin kwali a ƙasa, sai ka tambaya.

Wanda na fi cin karo da shi shi ne faifan koyarwa. Kamfanin Jam Handy na Detroit ya yi wa Chevrolet da yawa, Ross Roy kuma ya yi wa Chrysler da Dodge da Plymouth. Ba shi kaɗai yake tafiya ba. Yana zuwa da zaren fim mai faɗin milimita 35 a cikin ɗan gwangwani, hotuna ne tsayayyu ɗaya bayan ɗaya, galibi kuma da ɗan littafi. Ana haska hoton a bango, faifan na bayani, da an ji ƙarar "ɗin" sai mai kula da majigi ya juya zuwa hoto na gaba. Wasu faifan, bayanin iri ɗaya ne a fuskokin biyu: ɗaya da ƙarar da kunne ke ji, ɗayar da wata ƙara ta ƙasa-ƙasa wadda majigi irin na DuKane ke ji ya juya fim da kansa. Darajar wannan kaya tana cikin cikarsa. Kafin ka yi tayi, ka gwada take da lambar da ke jikin faifan da na kan murfin gwangwanin, domin an sha haɗa faifan darasin birki da fim ɗin giyar mota a kwali ɗaya. Ka buɗe gwangwanin ka shinshina. In ka ji tsami, fim ɗin ya fara ruɓewa, kuma zai shafa wa na kusa da shi. In launin ya koma ja-ja, wannan tsufan rini ne kawai, hoton na nan.

Sai kuma na kyauta, wanda dillali ke ba mai saye ko a aika masa ta gidan waya. Wasu a kan kwali mai hoton mota aka manna siririyar roba, wasu leda ce zalla mai lanƙwasuwa. Na kwalin yana nannaɗewa idan ya sha danshi. Na ledar kuwa, da zarar ya karye ya yi layi, allura za ta riƙa tsalle a wurin har abada, don haka ka karkata shi a hasken tocila ka duba. Wajen sa shi, a shimfiɗa shi a kan cikakken faifai a ɗora masa kwabo kusa da tsakiya don kada ya zame. Na Kirsimeti da shagunan tayar Goodyear da Firestone suka sayar a dala 1 a shekarun 1960 sun cika ko'ina, an buga su da yawan gaske. Sai dai a saya don sha'awa.

A wata rumfa aka nuna mini na Highway Hi-Fi, garmahon da Chrysler ta fara sa wa motocinta samfurin 1956 a ƙarƙashin dashbod, ƙirar Peter Goldmark na kamfanin CBS. Faifan inci 7 ne, amma juyi 16⅔ yake yi a minti, ramukansa kuma sun fi na faifan gida siranta ƙwarai. Rabin gudun faifan gida na 33⅓ ke nan daidai, shi ya sa wasu ke ɗaukarsa a kwamfuta a 33⅓ su rage gudun da rabi. Matsalar allura ce: ta gida ta yi masa kauri, ba ta zama cikin ramin da kyau, kuma tana cin sa. A ganina a bar shi a rigarsa ya fi.

Abin da ya fi wuyar samu shi ne faifan tallan rediyo na dillalin wani gari, wanda aka yi kwafi kaɗan. Za ka gane shi da nauyi, da sunan da aka buga da tafireta, da ƙarfen alminiyam da ke leƙowa a ramin tsakiya. Fenti ne aka shafa wa ƙarfen, ba roba ba ce. Kada giya ko sifirit ya taɓa shi, narkar da shi zai yi. Farin gari-gari a fuskarsa alamar fentin ya fara sakin mansa ne, in kuma ya fara ɓarewa a gefe, to a ɗauki sautin sau ɗaya a huta. Mai inci 16 ba ya hawa garmahon gida, wasunsu ma daga tsakiya allura ke farawa ta yi waje. Sunan motar da ta mutu yana ɗaga kuɗi: Edsel da aka daina a 1959, DeSoto a 1960, Studebaker a 1966.

Masu sayarwa na rubuta matakin kyan faifai a leda: NM (kusan sabo), sai VG+, sai VG. Idonka ya fi wannan rubutu. Zanen da farce ya ji idan ka shafa, kunne ma zai ji shi. Dusashewa kamar hazo a fuskar faifan kuwa, yawanci ledar PVC mai kauri ce ta yi masa turiri, kuma wanki ba ya cire ta.

Da na gama saye ban bar kwalin a but ɗin mota ba, ko a sanyin Oktoba rana na iya lanƙwasa faifai ta bayan gilashi. Na zare kowane faifai daga rigar kwalinsa don kada ya tsaga ɗinkin a hanya, na jera su a tsaye tsakanin kwali biyu masu kauri, suka shiga jakar hannu. A gida, ƙurar hunturu ita ce abokiyar gaba, a goge da burushi mai laushi kafin allura ta sauka, a wanke na roba da tataccen ruwa. Wanda ya haɗo da tsohon garmahon Amurka ya sani wutar can bolt 120 ce mai bugun 60 a daƙiƙa, tamu 230 mai bugun 50. Taransifoma na gyara ƙarfin wutar, ba ta gyara bugun, saboda haka injin da ke bin bugun wuta zai juya faifan 33⅓ a wajen 28, muryar mai tallan ta yi kauri ta riƙa ja kamar mai jin barci.