Wutsiyar mRNA a ƙwan kwaɗon Xenopus

Har yau tsarin nan yana burge ni. Da zarar maniyyi ya shiga ƙwan Xenopus, furotin EDEN-BP, mai kama yanki mai yawan haruffan RNA na U da G a ƙarshen mRNA (saƙon da ƙwayar halitta ke karantawa don ƙera furotin) irin su na c-mos da Eg5, kan sa a gutsure musu wutsiyar adenin (jerin harafin A da ke can ƙarshensu), ƙera furotin daga gare su ya tsaya. Amma saƙon kansa ba ya lalacewa sai ƙwayoyin halittar ƙwan sun rabu sau 12, sun kai kusan 4,000.

Masu gwaji, ku yi hattara. RNase (sinadarin da ke yayyanka RNA) daga yatsa kan baje layin RNA a jel ɗin da ake auna tsawonsa, a zaci wutsiya ce ta gajarce. Ku sa safar hannu, ku yanke wutsiyar kaso ɗaya na RNA ɗin da oligo-dT (guntun DNA mai manne wa wutsiyar) da RNase H (mai yanka RNA inda DNA ya manne), don ku ga daidai inda marar wutsiya ke tsayawa.