Digiri na biyu na gaggawa kan koyar da yara masu galahanga a Amurka: abin dubawa kafin cika fom

Jami'o'i da dama a Amurka suna tallar digiri na biyu a fannin ilimi na musamman, ɓangaren koyar da yara masu galahanga, wato otizim, wanda ake gamawa cikin wata 12 zuwa 18 maimakon shekara biyu. Ba don Allah suke gaggawar ba, makarantu ne ke kukan ƙarancin malamai. Tun 1990 dokar IDEA, wato dokar tarayya kan ilimin yara masu bukata ta musamman, ta sa galahanga cikin rukunan da ake yi wa tanadi na musamman, kuma duk yaron da ya cancanta sai an rubuta masa tsarin karatu nasa shi kaɗai, wanda ake kira IEP. Rahoton 2025 na CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, ya ce a ƙasar ɗaya cikin yara 31 'yan shekara takwas na da wannan lalura.

Tambayar farko ba ta kuɗin makaranta ba ce, ta lasisi ce. A Amurka jiha ce ke ba malami lasisin koyarwa, ba jami'a ba, ba kuma gwamnatin tarayya ba. Shirye-shiryen nan iri uku ne, ko da yake tallarsu kusan ɗaya ce. Akwai wanda zai kai ka ga lasisin farko, na wanda bai taɓa koyarwa da lasisi ba. Akwai na ƙarin ƙwarewa, wanda sai mai lasisi a hannu yake wa amfani. Akwai kuma wanda digiri ne zalla, babu lasisi ko kaɗan, kuma nan ne mutane suka fi yin asara: a gama karatu, a je neman aiki a makarantar gwamnati, a ce ina lasisi. Jihohi irin su Michigan da Minnesota suna da shaida ta musamman ta galahanga, wasu kuwa sun haɗe ta cikin lasisin ilimi na musamman gaba ɗaya. Ka rubuta wa ofishin shirin, ka tambaye su a rubuce: wane lasisi, na wace jiha? Sannan ka leƙa shafin ma'aikatar ilimi ta jihar ka ga ko sunan shirin na cikin waɗanda ta amince da su. Amincewar hukumar CAEP, mai tantance shirye-shiryen horar da malamai, alama ce mai kyau, amma ba ta maye gurbin ta jiha.

Sai lissafin lokaci, wanda ba kasafai ake yinsa ba. Yawancin shirye-shiryen kiredit (ma'aunin nauyin kwas) 30 zuwa 36 ne. Ba a rage darasi don an ce gaggawa, matse shi ake yi. Kowane kiredit aikin kusan awa 45 ne, ke nan kwas mai kiredit uku awa 135. A zangon mako 15 awa tara ke nan a mako. In aka matse shi cikin mako takwas, ya koma kusan awa 17, kuma galibi kwas biyu ake ɗauka tare. Awa 34 a mako, ban da aikin da kake ci da kai. Wanda ya yi rashin lafiya na mako guda ya rasa kashi ɗaya cikin takwas na kwas, kuma da yake ana tafiya rukuni guda ne, in ka faɗi kwas ɗaya kana iya jiran shekara kafin ya sake zagayowa.

Takardun da ake nema sanannu ne: sakamakon digirin farko, galibi maki 3.0 cikin 4.0, wasiƙun shaida biyu ko uku, takardar tarihin aiki, da bayanin dalilin neman shiga. Da yawa sun daina neman jarrabawar GRE ta shiga digiri na biyu. Mai digiri daga wajen Amurka, misali wanda ya karanta ilimi na musamman a Jami'ar Bayero ko Jami'ar Jos, sai ya kai sakamakonsa an tantance a WES, mai tantance takardun karatu na ƙasashen waje, ko wata hukuma irinta da ke ƙarƙashin ƙungiyarsu ta NACES, kuma tantancewar kwas bayan kwas ake so, ba ta shaidar digiri kawai ba. Jami'arka ce za ta aika sakamakon kai tsaye, kuma duk wanda ya taɓa bin ofishin rajista ya san ba aikin mako biyu ba ne. A fara da wannan, wata shida kafin a rufe karɓar takardu.

Bayanin dalili shi ne inda ake gane wanda ya taɓa zama da yaran. Kowa na rubuta cewa yana son yara kuma yana da haƙuri, masu tantancewa sun gaji da karanta wannan. Abin da ke jan hankalinsu shi ne lura. A ce yaro yana cizon bayan hannunsa duk lokacin da aka ce ya bar wasa ya zo tebur. Me ya faru dab da cizon, me ya biyo baya, sau nawa a yini? In duk cizo yana sa a ƙyale shi ya koma wasa, to ya koyi cewa cizo hanyar cewa "a'a" ce. Sai a ba shi katin hoto na neman hutu, a liƙa jadawalin hotuna a bango don ya san abin da ke tafe, a ci gaba da ƙirga cizon a ga ko ya ragu. Sakin layi ɗaya irin wannan, ba tare da sunan yaron ba, ya fi shafi biyu na yabon kai. Shi ne kuma ainihin abin da za a koya maka a kwasa-kwasan nazarin ɗabi'a na ABA da tsarin koyarwa na TEACCH na jihar North Carolina da musayar hotuna ta PECS. Wasiƙun shaida ma haka: ta shugabar makarantar da ta gan ka a aji ta fi ta babban farfesan da bai san fuskarka ba.

Abin da ya fi jinkirta masu gaggawa shi ne koyarwar gwaji. Ana bukatar kusan mako 12 zuwa 16 a aji, yini cur, ƙarƙashin malami mai lasisi, kuma sau da yawa babu albashi. Kafin ka taka ƙofar makaranta sai an ɗauki zanen yatsunka an binciki tarihinka. Wasu shirye-shiryen intanet suna barin ɗalibi ya nemo wa kansa makarantar, wanda hakan kan cinye zango guda. Ka tambaya wa ke nemo gurbin, da kuma ko aikin mataimakin malami da kake yi zai shiga lissafi. Jarrabawar lasisi ma tana da lokacinta: jihohi da yawa Praxis suke amfani da ita, California da Texas da New York kuwa kowacce da tata, wasu kuma ba sa barin a fara koyarwar gwajin sai an ci jarrabawar.

Batun kuɗi, ɗan ƙasa ko mai katin zama na dindindin zai cika FAFSA, fom ɗin neman tallafin karatu na gwamnatin tarayya, kuma yana iya samun tallafin TEACH har kusan dala 4,000 a shekara. Sharaɗinsa a koyar shekara huɗu cikin takwas a makarantar marasa galihu, in ba haka ba ya rikiɗe ya zama bashi, da ruwansa tun daga ranar da aka biya. Mai zuwa da bizar ɗalibi ta F-1 ba ya cikin wannan, kuma kwas ɗaya tak na intanet ake lissafa masa a zango, don haka shirin da duk a intanet yake ba zai ba shi takardar I-20 da ake neman bizar da ita ba.

Masu hangen shaidar BCBA ta masana ɗabi'a su sani ita ba lasisin koyarwa ba ce. Tana bukatar awa 1,500 zuwa 2,000 na aiki ƙarƙashin kulawa, kuma tun 2023 hukumar BACB mai ba da shaidar ta taƙaita sababbin masu nema ga mazauna ƙasashe 'yan kaɗan, babu Najeriya ko Nijar a ciki. Wanda niyyarsa ya koma gida ya buɗe aji, gara ya zaɓi shirin da ya fi yawan awannin zama da yara, ko da zai ƙara masa zango ɗaya.