Ɗan kokawa mai yatsu shida

Jiya a fadarmu ta shan shayi nan Tawa, har shayi na uku ya huce muna gardama. Na sa ƙirƙirarriyar basira ta zana mini hoton tallar kokawar unguwa. Minti ɗaya ta kawo. Kyau kam akwai, amma ɗan kokawar ba laya, ba walki, ga yatsu shida!

Abokina ya ce: "Kai dai, ba ta rage maka aikin kwana biyu ba?" Ta rage, ban musa ba, launin ƙasar filin ma nata na ɗauka. Sai dai daga hotunan da aka koya mata take haɗawa, namu kuwa kaɗan ne a intanet. Layun da makaɗin, da hannuna na zana su, har ƙarfe biyun dare.