Wa ya aiko da lamba 9?

Shirin kwamfuta da aka kashe da SIGKILL, wato sigina mai lamba 9, ba ya barin wasiyya. Aikin kula da sabobin Linux ne ya koya mini haka, kuma shi ya sauya yadda nake bincike duk lokacin da wani shiri ya mutu ba a san dalili ba.

Sigina lamba ce kawai da wani shiri, ko kanel (zuciyar Linux mai kula da duk shirye-shirye) da kansa, ke aika wa wani shirin. SIGTERM, lamba 15, tana ba da dama: shiri ya karɓe ta, ya rufe fayilolinsa, ya rubuta a kundinsa cewa zai tsaya. Ita kuwa lamba 9 ba ta ma isa hannunsa. Kanel ne ke zartar da ita kai tsaye, ba a tare ta, ba a yin biris da ita. Don haka tonon kundin shirin da ya mutu ɓata lokaci ne. Iyakar abin da za ka tsinta shi ne lambar fita 137, wato 128 a tara da 9.

Ko strace, manhajar da ke nuna mu'amalar shiri da kanel, da nake ji da ita, nan ƙarfinta ke ƙarewa. In SIGTERM ce, za ta nuna maka si_pid, lambar wanda ya aiko. In SIGKILL ce, sai dai ta ce an kashe, ba ta faɗin wane ne. Dole ka koma wajen mai aikowa: ka sa wa auditd, mai rubuta abin da ke faruwa a Linux, doka ta riƙa rubuta duk kiran kill (kiran da shiri ke aika sigina da shi), ko ka kunna killsnoop, mai nuna waɗannan kiraye-kirayen, daga tarin kayan bincike na BCC.

Hakan ma ba ya kama kowa. In RAM ta ƙare, kanel da kansa yake zaɓar wanda zai kashe, ba ya bi ta kiran kill, wannan dokar kuwa ba za ta ga komai ba. Sai a dmesg, wato saƙonnin kanel, ake ganin sawunsa, shi ya sa can nake fara leƙawa.

Wani lokacin kuma na gida ne ya yi kisan. Umarnin docker stop, mai tsayar da kwantena (keɓantaccen wurin da ake gudanar da shiri), yana aika SIGTERM, ya jira daƙiƙa 10, sannan ya bi da SIGKILL; Kubernetes, mai sarrafa kwantenoni, tana jiran 30, systemd, mai kunna shirye-shirye da tsayar da su a Linux, 90. Shirin da ke PID 1, wato shiri na farko cikin kwantena, in bai tanadi yadda zai karɓi SIGTERM ba, kanel watsar da ita yake yi, shirin ya ci gaba da harkarsa har wa'adi ya cika. Kafin ka zargi kowa, duba layin SigCgt, mai nuna siginonin da shiri ya tanadar wa mai karɓa, a /proc/PID/status tun shirin yana raye (PID ita ce lambar shirin). In 0x4000, alamar SIGTERM, ba ta cikin adadin da ke wurin, shirin bai tanadar wa lamba 15 mai karɓa ba.