Mutumin da muke yabo a ɗakinmu na Misfala

A wajenmu nan Makka, idan aka ce wane namijin duniya ne, galibi ana nufin ba ya barci, ba ya zaman cin abinci, kuma albashinsa ba ya kwana a aljihunsa sai ya tura gida. Ina aiki a wani shagon jallabiya da darduma a unguwar Misfala, ina kwana ɗaki ɗaya da 'yan uwa Hausawa, akwai Kanawa, akwai ɗan Maraɗi, akwai kuma haifaffen nan wanda kakansa ya zo a ƙafa ta Sudan. Na daɗe ina sauraron irin yabon da muke yi wa juna, kuma a ganina halayen da suka fi cinye mu ba su ne ake wa'azi a kansu ba. Mai shan sigari ya san yana cutar kansa, har ɓuya yake yi. Wanda ya wuni bai sha ruwa ba kuwa, gani yake bajinta ya yi.

Rashin shan ruwan nan yana da dalilinsa, ba wauta ba ce. Wanda ya samu wuri mai kyau a cikin Harami ba ya son alwalarsa ta karye, don banɗakunan suna can harabar waje, in ka fita lokacin cunkoso kafin ka dawo askarawa sun tare hanya. Mai tsaron shago kuma ba ya son ya bar kaya ga alhazai ya tafi kewayawa. Sai kowa ya rage ruwa. Gumi kuwa bai san an rage ba, yana ta fita, fitsari ya yi kauri, gishirin da ke cikinsa ya taru ya zama tsakuwar ƙoda. Duk wanda ya taɓa raka mai wannan ciwon asibiti cikin dare, yana murƙususu a bayan mota, ba zai ƙara raina gorar ruwa ba. Gwajin ma kyauta ne: in fitsari ya yi duhu, jiki ne ke roƙo.

Muna yawan cewa mu 'yan rana ne, zafin Makka bai fi na Sakkwato ba. To, a Hajjin 2024 zafi ya kai maki 51.8 a Masallacin Harami, hukumomin Saudiyya suka sanar da rasuwar mutum 1,301, yawancinsu waɗanda suka yi doguwar tafiya a ƙafa cikin rana ba tare da izinin Hajji ba. Allah Ya jiƙan su. Ƙasar nan da kanta ta hana sa ma'aikata aiki a ƙarƙashin rana daga sha biyu zuwa uku na rana, tun daga 15 ga Yuni har 15 ga Satumba kowace shekara. Balarabe da aka haifa a ƙasar ya sallama wa rana, mu ne muke gardama.

Na shayi ba zan daɗe a kai ba, kowa ya san kansa: sukari cokali uku a ƙaramin kofi, da safe, da la'asar, da bayan Isha'i. A kai kuma a ɗora lemon gwangwani, wanda sukarin da ke cikin guda ɗaya ya kai giram 35, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ya fi alheri kada mutum ya wuce 25 a wuni. Tun 2017 aka ɗora wa lemon ƙara kuzari harajin da ya ninka kuɗinsa, amma samarinmu ba su daina ba, don barci suke korewa da shi.

Barcin nan shi ne babbar maganar. Makka tana gaban Najeriya da Nijar da awa biyu. Lokacin da mutanen gida suka idar da Isha'i, suka ci tuwo, suka shimfiɗa tabarma don hira, mu nan dare ya fara rabawa, yanzu muka rufe shago. Sai WhatsApp ya fara kuka. Inna tana son jin murya, uwargida tana da ƙorafi, ƙane yana da "wata 'yar magana". Kafin ka ajiye waya, ƙarfe ɗaya ta wuce, Asuba kuma a lokacin zafi tana shiga kaɗan bayan ƙarfe huɗu. Babban mutum yana buƙatar awa bakwai, mu muna yin uku, gari ya waye muna ta faɗa da alhazai a kan riyal biyar, mu ce ai halinmu ne saurin fushi. Ba hali ba ne, barci ne ke bin mu bashi.

Ita kuwa 'yar maganar ƙane, kowa ya san inda take ƙarewa. A gida an ɗauka wanda ke Makka tsintar kuɗi yake yi. Ba na cikin masu cewa a rufe hannu, zumunci ne ya riƙe mu, da yawanmu ma da kuɗin dangi muka zo. Abin da nake ƙi shi ne mutum ya tura albashi duka, ya koma cin tamis, wato burodin nan mai faɗi, da ruwan shayi har wata ya mutu, haƙori na ciwo ya ƙi zuwa a duba, sannan in an sake roƙonsa ba shi da shi ya zauna yana zagin kansa: ni ba ni da amfani, shekara da shekaru ban gina ko ɗaki ba. Na sha jin wannan daga bakin mutanen da suke ciyar da gida uku. Da wani ne ya faɗa musu haka da an yi dambe.

Dattijon ɗakinmu, wanda duk muke kira Baba, shi yake tsawatarwa in ya ji. Yakan tuna mana labarin Salmanul Farisi da Abud Darda'i, Allah Ya yarda da su. Salmanu ya tarar da ɗan uwansa yana azumi da rana yana tsayuwa da dare, har matarsa ta bar kwalliya. Ya ƙi cin abincin da aka kawo masa sai Abud Darda'i ya ci, da dare kuma ya yi ta mayar da shi shimfiɗa, sai ƙarshen dare suka tashi tare suka yi salla. Ya ce masa Ubangijinka yana da haƙƙi a kanka, ranka yana da haƙƙi a kanka, iyalinka suna da haƙƙi a kanka. Da maganar ta kai ga Annabi, sallallahu alaihi wa sallama, sai ya ce Salmanu ya yi gaskiya. Abin da ke burge ni, Salmanu bai tsaya a nasiha ba, zama ya yi sai da aka ci, aka kwanta.

Haka muka kwaikwaya. Cin abinci a faranti ɗaya da tattaki zuwa Harami dama muna yi, ba mu dai lissafa su cikin abin kirki ba ne. Yanzu mun ƙara da sa katon ɗin ruwa a bakin ƙofa, ba mai fita ba gora a hannu. Bayan Azahar ana kashe fitila a yi ƙailula, ko da rabin awa ce. Ranar albashi kowa yakan ba Baba wani abu ya ajiye masa kafin a tafi tura kuɗi gida, ba ya kuma fito da shi sai don asibiti ko sabunta igama, wato takardar izinin zama.

Na waya ne ya fi wuya, don sai an gaya wa na gida. Na ce wa mahaifiyata, "Inna, in kin kira bayan kun ci tuwo, mu nan dare ya tsala. Ki bari sai hantsi, lokacin shago ba kowa." Ta yi salati, ta ce wallahi ita ta ɗauka agogonmu ɗaya. Ƙanena dai har yanzu cikin dare yake turo saƙon murya, ni kuma sai bayan Asuba nake buɗewa.